Taƙaitaccen Tarihin Conrad Schlumberger, Mafarin Awon Rijiyoyin Mai da Lantarki

1.0 Gabatarwa

Mahaƙin rijiyar ruwa ba ya bukatar kowa ya gaya masa irin ƙasar da ya tarar, domin yana cikin ramin, yana ganin jar ƙasa da marmara da yashi da idonsa, yana kuma jin danshi da hannunsa. Rijiyar man fetur kuwa sha'aninta dabam ne. Faɗinta daga can ƙasa bai wuce taƙi guda ba, zurfinta yakan kai mita 2,000 ko 3,000 ko fiye, ga ta kuma cike da taɓon da ake haƙa da shi. Babu mai iya shiga, babu mai iya leƙawa. Amma duk da haka tilas ne masu rijiyar su amsa tambayoyi uku kafin su ci gaba da zuba dukiya: wane irin dutse aka ratsa, yaya yawan kafofin da ke jikinsa, kuma mene ne a cikin kafofin nan, ruwa ne ko mai ko iskar gas. In aka yi kuskuren amsa, to ko dai a cike rijiya mai arziki a yi gaba, ko kuwa a kashe maƙudan kuɗi wajen gyara wadda ba abin da za ta bayar sai ruwan gishiri.

Manufar wannan maƙala ita ce ta kawo tarihin mutumin da ya fara buɗe hanyar amsa waɗannan tambayoyi ta amfani da lantarki, watau Conrad Schlumberger, wani malamin kimiyya Bafaranshe wanda ya rayu daga 1878 zuwa 1936. Za a dubi asalinsa da karatunsa, da yadda bincikensa ya faro, da wahalhalun da ya sha, sa'an nan a bayyana yadda aikin nasa ya haifar da fannin ilmin da ake nazarin halayen duwatsun mai da shi a yau.

2.0 Asalinsa da Tasowarsa

An haifi Conrad ran 2 ga Oktoba 1878 a garin Guebwiller da ke lardin Alzas. A lokacin lardin yana hannun Jamus, domin Faransa ta rasa shi a 1871 bayan da aka ci ta da yaƙi. Mahaifinsa, Paul Schlumberger, attajiri ne daga wani tsohon gidan masu masaƙa, Kiristoci 'yan ɗariƙar Furotesta. Mahaifiyarsa kuwa, Marguerite de Witt, jika ce ga François Guizot, shahararren marubucin tarihi wanda ya riƙe ragamar gwamnatin Faransa har zuwa juyin juya halin 1848. Ita kanta Marguerite ta yi suna wajen fafutukar samar wa matan Faransa 'yancin jefa ƙuri'a, har ta shugabanci ƙungiyarsu ta ƙasa.

'Ya'ya shida Paul da Marguerite suka haifa, biyar maza, ɗaya mace, Conrad ne na biyu. Wansa Jean ya zama marubuci, yana cikin waɗanda suka kafa wata babbar mujallar adabi a Faransa tare da André Gide. Autansu Maurice ya zama ma'aikacin banki. Wanda dai zai fi shiga cikin wannan tarihi shi ne ƙanensa Marcel, wanda aka haifa a 1884.

Ko da yake masaƙar gidan tana ƙarƙashin mulkin Jamus, zuciyar iyalin tana Faransa. Saboda haka da yaran maza suka fara tasawa sai aka riƙa tura su birnin Faris, don su yi karatu irin na Faransawa, kada kuma a ɗauke su aikin soja a rundunar Jamus. Ta haka Conrad ya bar garinsu tun yana saurayi. Ya shiga École Polytechnique, makarantar da ta fi kowace wuyar shiga a fannin lissafi da injiniya a ƙasar, ya gama a 1900, sa'an nan ya wuce Makarantar Ma'adinai ta Faris. Ya yi aikin injiniyan ma'adinai na gwamnati a kudancin Faransa, ya koyar na ɗan lokaci a Saint-Étienne, daga bisani a 1907 aka ba shi kujerar koyar da fiziya a Makarantar Ma'adinai ta Faris ɗin da ya fito. A 1904 ya auri Louise Delpech, suka haifi 'ya'ya mata uku, Anne da Dominique da Sylvie.

3.0 Mafarin Bincike

A farkon ƙarni na 20 masu neman ma'adinai ba su da abin dogaro sai ido da guduma, sai kuma allurar maganaɗisu wadda ba ta nuna kome in ba wasu irin tama ba. Conrad, da yake malamin fiziya ne a makarantar masu haƙar ma'adinai, sai ya shiga tunanin ko akwai wata siffa ta duwatsu da za a iya aunawa daga doron ƙasa. Abin da hankalinsa ya tsaya a kai shi ne turjiya, watau gwargwadon yadda abu yake ƙin barin lantarki ya ratsa shi. Busasshen dutse yana da turjiya ƙwarai. Dutsen da ruwa ya jiƙa, musamman ruwa mai gishiri, turjiyarsa kaɗan ce. Wasu ma'adinan ƙarfe kuwa lantarki yana bin su kusan kamar yadda yake bin waya.

Tun wajen 1911 ya fara gwaji a wani ɗakin ƙarƙashin ƙasa na makarantar, yana cika akwatuna da wani bahon wanka da yashi da yumɓu, yana binne abubuwa a ciki, sa'an nan ya tura lantarki ya ga yadda zai bi. A damunar Turai ta 1912 sai ya fita da gwajin fili, a gandun danginsa na Val-Richer da ke Nomandi, wanda suka gada daga Guizot. Dabarar ita ce a kafa turakun ƙarfe biyu nesa da juna, a haɗa su da abin ba da wuta, lantarki ya shiga ƙasa ta ɗaya ya fita ta ɗayan. Sa'an nan mai awo ya bi filin da wasu turaku biyu da ma'auni, yana neman wuraren da ƙarfin lantarkin ya zo daidai, yana haɗa su da layi a kan takarda. In ƙasar duk iri ɗaya ce, layukan sukan fito a tsare. In kuwa akwai wani abu a binne mai jan lantarki ko mai ture shi, sai layukan su karkace, kamar yadda ruwan sama yakan bar tudu ya bi kwari. Wannan ita ce taswira ta farko irinta da ya zana, a shekarar kuma ya yi rajistar dabarar da sunansa.

Wata matsala da ta dame shi ita ce turakun awon da kansu sukan haifar da ɗan lantarki idan ƙarfe ya haɗu da danshin ƙasa, su ɓata lissafi. Maganin da ya yi shi ne ya sa sandar tagulla a cikin ruwan gishirin tagulla, a cikin wata 'yar tukunya mai tsatsafo, ita tukunyar ce ke taɓa ƙasa. Da wannan kayan aiki ya auna filayen tama na Nomandi. A 1913, a mahaƙar Sain-Bel kusa da Lyon, ya lura cewa ko an kashe wuta ma'auninsa yana motsi a kan ma'adinin, watau ƙasa tana da nata lantarkin da take haifarwa. Kafin yaƙi ya ɓarke an gwada hanyar a mahaƙar tagulla ta Bor a ƙasar Sabiya, ta kuma nuna inda ma'adini yake.

4.0 Yaƙi da Yarjejeniyar 1919

Yaƙin Duniya na Farko ya tsayar da kome. Daga 1914 zuwa 1918 Conrad hafsa ne a rundunar masu igwa, yana yaƙi da ƙasar da aka haife shi a ƙarƙashin tutarta. Abin da ya gani na kisa ya girgiza shi matuƙa, ya dawo gida yana mai ƙin yaƙi, har ya yi niyyar barin kimiyya ya ba da sauran rayuwarsa ga neman zaman lafiya tsakanin al'ummai. Da wannan niyya ta tabbata, da tarihin da ake bayarwa nan bai samu ba.

Mahaifinsu Paul shi ya maido da shi kan hanya. Ran 12 ga Nuwamba 1919 ya rubuta yarjejeniya da 'ya'yansa biyu, Conrad da Marcel, ya yi alkawarin ba su kuɗi har faran 500,000 don su ci gaba da binciken ƙarƙashin ƙasa da lantarki. Ya gindaya musu sharaɗi cewa kada su raba hankalinsu ga wasu ayyuka, kuma a cikin wannan sha'ani neman sani shi ne gaba da neman riba. Tsohon ya san halin 'ya'yansa, shi ya sa ya haɗa su. Conrad mutum ne mai zurfin tunani, mai cika littattafan aljihu da lissafi da zane. Marcel kuwa, wanda ya gama École Centrale a 1907, maƙeri ne na zamani, ba abin da ya fi so irin inji da ƙarfe, duk abin da wansa ya zana a takarda shi ke mai da shi abin da za a ɗauka a kai daji ya jure rana da ruwa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

A 1920 suka buɗe ɗan ofis a gida mai lamba 30 a titin Fabert cikin Faris, a shekarar kuma Conrad ya buga sakamakon bincikensa na shekaru takwas. A nan ne ya daidaita tsarin turaku huɗu a jere, biyu na waje suna tura wuta, biyu na tsakiya kusa da juna suna awo. Duk sa'ad da aka ƙara nisan na wajen, lantarki yakan ƙara nitsawa, a sami labarin ƙasa mai zurfi. Wani Ba'amurke mai suna Frank Wenner ya fito da tsari mai kama da wannan a 1915, ba tare da sun haɗa kai ba. A 1923 Conrad ya ajiye kujerarsa ta koyarwa, da albashinta da darajarta, ya rungumi aikin da har lokacin bai fara ciyar da kansa ba.

5.0 Shekarun Neman Kasuwa

A cikin shekarun 1920 'yan samarin injiniyoyin da suka ɗauka sun yi yawo da wayoyi da turaku a Romaniya da Kanada da Afirka ta Kudu da Kwango da Amurka. A 1923, kusa da Ploiești a Romaniya, suka zana taswirar wani tulin gishiri na ƙarƙashin ƙasa a Aricești. Irin wannan tuli yana da muhimmanci ga masu neman mai, domin idan gishiri ya kutso sama yakan lanƙwasa duwatsun da ke kewaye da shi, mai ya taru a gefensa. A 1926 suka mai da sha'anin kamfani sosai, mai suna Société de Prospection Électrique.

Sai dai kasuwar ba ta yi musu daɗi ba. A daidai lokacin wasu hanyoyi biyu sun shigo, ɗaya tana auna nauyin ƙasa, ɗaya kuma, ta Bajamushe Ludger Mintrop, tana tayar da nakiya ta saurari yadda girgiza ke tafiya cikin duwatsu. A 1924 waɗannan hanyoyi suka gano tulin gishiri a gaɓar tekun Teksas, manyan kamfanonin mai suka raja'a a kansu. Awon lantarki daga doron ƙasa yana da iyaka, domin in zurfi ya yi yawa sai labarin shimfiɗun dutse ya cakuɗe, a kasa rarrabe wannan da wancan. Conrad ya ga cewa ba za a fassara awon sama daidai ba sai an san ainihin turjiyar kowace shimfiɗa a inda take. Hanyar sanin haka kuwa ɗaya ce, a zura turakun cikin rijiyar da aka riga aka haƙa. A farkon 1927 ya rubuta yadda za a yi, ya danƙa aikin ga surukinsa Henri Doll, mijin 'yarsa Anne, wani matashin injiniya da ya shigo kamfanin ba da daɗewa ba.

6.0 Rijiyar Pechelbronn

Wurin da aka zaɓa shi ne Pechelbronn, wani tsohon filin mai a Alzas, lardin da aka haifi Conrad, wanda ya koma hannun Faransa bayan yaƙi. Ran 5 ga Satumba 1927 Doll da abokan aikinsa biyu, Roger Jost da Charles Scheibli, suka isa wata rijiya mai zurfin kimanin mita 500 a Dieffenbach. Kayan aikinsu ba su da wani kyan gani: doguwar sanda mai ɗauke da turaku uku, an cika ta da darma don ta nitse cikin taɓo, da wayoyi uku da aka ɗaure tare, da abin naɗi na hannu, da batura da ma'auni. Suka zura sandar kamar guga, suna tsayawa a kowace mita su karanta ma'auni su rubuta, sa'an nan su ja ta gaba. Da aka gama Doll ya ɗora lambobin a takarda mai layuka, zurfi daga sama zuwa ƙasa, turjiya daga hagu zuwa dama, ya haɗa ɗigon da layi.

Layin nan mai zigizag shi ne jadawalin rijiya na lantarki na farko a duniya. Inda aka ratsa laka sai ya kwanta, inda aka ratsa dutse mai tauri sai ya yi tsini. Da aka auna wasu rijiyoyin na kusa sai aka ga tsinin nan suna maimaita kansu da siffa ɗaya, a wata rijiyar sama kaɗan, a wata ƙasa kaɗan. Ashe kowace shimfiɗar dutse tana da nata sa hannu, ana iya bin ta daga rijiya zuwa rijiya, a gane inda ta hau, da inda ta gangara, da inda ta karye. Abin da aka yi don ya taimaki awon sama sai ga shi ya fi awon saman amfani.

Don a gane girman abin, sai a tuna yadda ake yi kafin nan. Hanya ta farko ita ce a duba ɓarɓashin dutsen da taɓo yake fitowa da shi, amma kafin ya iso sama ya gauraye, ba a tabbatar da zurfin da ya fito. Hanya ta biyu ita ce a tsayar da haƙa, a zura wani bututu ya yanko sandar dutse a fito da ita. Wannan tana ba da tabbaci, amma tana cin lokaci da kuɗi, sau da yawa kuma yashi mai taushi, wanda shi ne ya fi riƙe mai, yakan zube a hanya. Faransawa suna kiran sandar dutsen nan karas saboda siffarta, don haka 'yan'uwan suka sa wa sabuwar hanyar suna mai ma'anar cirar karas da lantarki. Har yau kalmar karotaj da Rashawa ke kiran awon rijiya da ita daga nan ta samo asali.

7.0 Yadda Ake Karanta Jadawalin

Dutsen da ke riƙe mai, kamar dutsen yashi, ba ƙulli ɗaya ba ne. Tsakanin ƙwayoyinsa akwai 'yan kafofi, kamar yadda ake samu in an cika kwano da tsakuwa, a cikinsu ne ruwa ko mai ko gas yake zama. Ƙwayoyin ba sa ɗaukar lantarki, mai da gas ma ba sa ɗauka. Ruwan gishirin da ke kwance a zurfin ƙasa shi kaɗai ne hanyar da lantarki yake bi. Saboda haka yashin da ke cike da ruwan gishiri turjiyarsa ƙasa take, wanda kuwa mai ya kore yawancin ruwansa turjiyarsa takan hau.

Amma akwai rikici, domin dutsen da ba shi da kafofi sam, shi ma turjiyarsa sama take, ga shi kuwa ba ya ɗauke da kome. Maganin wannan ya zo a 1931, daga abin nan da Conrad ya fara lura da shi a Sain-Bel. An ga cewa ko ba a tura wuta ba, akwai ɗan lantarkin da ke tasowa da kansa a cikin rijiya daidai inda dutse mai ratsuwa ya yi iyaka da laka. Babban dalilinsa, kamar yadda aka tantance daga baya, shi ne bambancin gishiri tsakanin taɓon haƙa da ruwan da ke cikin dutsen. Sai aka riƙa zana layuka biyu gefe da gefe. Na hagu yana nuna inda dutse yake da ratsuwa, na dama yana nuna turjiya. Inda na hagu ya nuna ratsuwa, na dama kuma ya hau, nan ne ake sa ran mai. Inda akwai ratsuwa amma turjiya ta faɗi, ruwa ne. A wannan lokaci kuma an daina tsayawa mita-mita, an ƙera na'urar da ke zana layin a jere yayin da ake jawo sandar. Marcel ya ƙara da wata bindiga da ake zurawa ta harba ƙoƙo cikin bangon rijiya ta ciro ɗan samfurin dutse daidai wurin da jadawali ya nuna.

8.0 Tarayyar Sobiyet da Rasuwarsa

A 1929 aka fara awon rijiyoyi a Benezuwela da Kalifoniya da Tarayyar Sobiyet. Amma a ƙarshen shekarar tattalin arzikin duniya ya karye, haƙar mai ta ja baya a Amurka, masu rijiyoyi kuma ba su yarda da baƙin da suka zo da waya suna cewa za su gaya musu abin da ke cikin raminsu ba. Kamfanin ya shiga halin ƙaƙa-ni-ka-yi. Abin da ya riƙe shi a shekarun nan shi ne kwangilar Sobiyet. Gwamnatin can tana gaggawar bunƙasa masana'antu, tana bukatar mai, rijiyoyin Girozni da Baku kuma duk nata ne, saboda haka da ta gamsu sai ta sa aka auna su da yawa. A can ne aka tara jadawalai masu ɗimbin yawa aka gwada su da abin da rijiyoyin suka bayar, hanyar ta tabbata. Daga nan Benezuwela ta karɓa, sa'an nan Amurka, har a 1934 aka kafa reshe a Houston ta jihar Teksas, wanda ba da jimawa ba ya zama mafi girma.

Wani abin lura a tsarin 'yan'uwan shi ne ba sa sayar da na'urorinsu. Injiniyansu ne zai zo da motarsa, dare ko rana, ya yi awo, ya miƙa wa mai rijiya jadawali, ya kuma riƙe sirrin abin da ya gani. Amana ita ce jarin sana'ar, domin mutumin da ya auna rijiyar wani kamfani yau, gobe yana rijiyar abokin gasarsa.

Conrad ya sha zuwa Tarayyar Sobiyet, da farko kuma yana kyautata zato ga abin da ake ginawa a can, saboda tunaninsa na son adalci tun bayan yaƙi. Amma zuwa tsakiyar shekarun 1930 mulkin Stalin ya koma zargin kowa, musamman wanda ya yi hulɗa da baƙi. Injiniyan da ya fi kowa yi wa kamfanin aiki a can, Vahe Melikian, daga baya ya faɗa hannun hukuma, bai kuwa dawo ba. A 1936 Conrad ya yi tafiyarsa ta ƙarshe zuwa Masko. A kan hanyar komowa ciwo ya kama shi farat ɗaya a Istokholm, babban birnin Suwidin, ya rasu ran 9 ga Mayu 1936 yana da shekara 57. Marcel ya ci gaba da riƙon kamfanin har tasa rasuwar a 1953.

9.0 Abin da Ya Biyo Baya

Har Conrad ya rasu jadawalin rijiya yana nuna inda ake zaton mai ne, bai iya faɗin yawansa ba. Wanda ya cike wannan giɓi shi ne Gustavus Archie, wani injiniyan kamfanin Shell a Amurka. Ya auna samfuran duwatsu masu yawa a ɗakin gwaji, a 1942 ya buga ƙa'idar da ta haɗa abu huɗu: turjiyar dutse, da turjiyar ruwan da ke cikinsa, da yawan kafofinsa, da kason kafofin da ruwa ya cika. Ga misali don a ga yadda take aiki a dutsen yashi mai tsabta. A ce kafofi kashi 20 ne cikin 100, watau ɗaya bisa biyar. Sai a ninka 5 sau 5, a sami 25. In turjiyar ruwan wurin 0.1 ce, to dutsen da ke cike da ruwan nan zalla zai nuna 2.5. In kuwa jadawali ya nuna 40, ya ninka abin da ake tsammani sau 16 ke nan. Tushen 16 shi ne 4, saboda haka ruwa ya cika ɗaya bisa huɗu na kafofin kawai, sauran kashi 75 cikin 100 mai ne ko gas. Da wannan lissafi, in aka san kaurin shimfiɗar da faɗinta, ana iya ƙiyasta gangar man da ke kwance. A 1950 Archie ya raɗa wa fannin suna fetrofiziya, watau ilmin halayen duwatsu da ruwayen da ke cikinsu.

Henri Doll ma bai zauna ba. A cikin shekarun 1940 ya ƙirƙiro na'urar da ke auna turjiya ta hanyar maganaɗisu, wadda ke aiki ko da taɓon haƙa ba ya ɗaukar lantarki. Daga baya aka sami na'urori masu auna hasken gama da laka ke fitarwa, da masu auna nauyin dutse, da masu amfani da sauti ko ƙwayoyin niyutiron don gane yawan kafofi. A yau har ana sa na'urorin a jikin bututun haƙa, suna aiko da labari tun ana cikin haƙar. Kamfanin da 'yan'uwan suka kafa ya taƙaita sunansa zuwa SLB a 2022, ƙungiyar masana kimiyyar ƙasa da injiniyoyi ta Turai kuma tana ba da lambar yabo da sunan Conrad.

Aikin nasa ya iso ƙasashenmu ta ƙofa biyu. Ta farko, rijiyoyin mai na yankin Neja Delta, inda aka fara samun mai a Oloibiri a 1956, da na Agadem a Jamhuriyar Nijar, da na Kolmani a iyakar Bauchi da Gombe, da irin wannan awo ake tantance abin da ke cikinsu. Ta biyu kuwa ta fi kusa da talaka. Mutanen da akan gani suna jan waya suna kafa turaku huɗu a jere kafin a haƙa rijiyar burtsatse, tsarin da suka fi amfani da shi sunan Schlumberger yake ɗauke da shi, shi ne kuma wanda ya samo asali daga gwajin Val-Richer.

10.0 Kammalawa

An ga yadda Conrad Schlumberger ya taso daga gidan masaƙa a lardin da ƙasashe biyu ke jayayya a kansa, ya zama malami, ya bar kujera ya bi wani tunani da ya shekara 15 bai ba da amfanin kirki ba. Bai taɓa haƙa rijiya ba, ba shi ne ya zura sandar farko ba, ba kuma shi ya fito da lissafin da ya kammala aikin ba. Nasa rabon shi ne ya gane tun 1912 cewa turjiya siffa ce da za a iya aunawa a karanta dutse da ita, ya dage a kai, ya kuma yarda ya juya akalar bincikensa daga doron ƙasa zuwa cikin rami sa'ad da ya ga inda gaskiyar take. Dukiyar uba da hannun ƙane da ƙwazon suruki duk sun taimaka, amma harsashin nasa ne. Ɗalibin da ya ga jadawalin rijiya a yau, da layukansa goma ko fiye, zai tarar da layin turjiya yana nan a cikinsu, shi ne kuma wanda ake fara dubawa in ana son a san ko mai ne ko ruwa.